Ɗaure notin taya da ƙarfin tsiya ya fi aminci?

Tambaya: Ina da Toyota Corolla. Duk sanda na kai taya wurin mai faci, yaronsa yakan zura bututu a sifana, ya hau kai da ƙafa har notin ya yi ƙara. Makon jiya tayata ta sace a hanyar Zariya, na kasa kwance noti biyu, da muka matsa sai bol ɗaya ya karye. Ashe ɗaurin ƙarfi ba shi ne ya fi aminci ba?

Amsa: Malam, sannu da wahala. Wannan bol ɗin ba a hanyar Zariya ya fara lalacewa ba, tun a wurin faci aka raunana shi.

Bol ɗin taya yana ɗan miƙewa idan an ɗaure noti, kuma wannan miƙewar ce take manne wili a jikin mota. Amma tana da iyaka. Da an wuce ta, ƙarfen ba ya komawa yadda yake, ya sirance kenan, yana jiran ranar karyewa. Shi ya sa kowane kamfani ke rubuta ma'aunin ɗauri a littafin mota, da newton-mita (Nm). Na Corolla 103 ne, Honda Accord da Civic yawanci 108, Golf kuwa 120.

To, duba lissafin yaron nan. Mutum mai nauyin kilo 70 in ya taka ƙarshen sifana mai tsawon rabin mita, ya zuba wa notin kusan Nm 340, ninki uku na abin da ake so. Da bututu mai mita ɗaya kuwa, abin ya kusa 700. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, don masu yinta suna ganin kyautatawa suke yi. Bayan karya bol, ɗaurin da ya wuce kima ko wanda bai daidaita ba yana iya lanƙwasa faifan birki, ka riƙa jin sitiyari na rawa in ka taka.

Ga yadda ake yi. A goge tsatsa da ƙasa daga inda wili ke zama. Kada a shafa giris ko baƙin mai a bol, domin ma'aunin na busasshen ƙarfe ne, mai yana sa a zarce ba a sani ba. A fara murza kowane noti da yatsu. Sannan a ɗaure su a gicciye, daga wannan a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ba bi da bi ba. Sai an sauke jak, taya ta taɓa ƙasa, a ƙarasa da sifana mai awo, wadda ke yin "ƙas" in an kai adadin. Ƙas ɗaya ta isa.

In babu ita, sifanar motarka mai tsawon santimita 30 tana buƙatar ƙarfi kamar na ɗaga kilo 35, da hannu kawai. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake duba notocin, musamman a kan wilin alminiyam.

Game da motarka, kada ka ci gaba da yawo da bol a karye. Ka sa bakanike ya canza shi, ya kuma duba sauran na ƙafafun huɗu, tunda ƙafar yaro ɗaya ce ta taka su duka.