Karo na uku ke nan ina ƙaurace wa abinci, na gaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Shekara biyu ke nan ina fama da kumburin ciki da murɗa, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita. Likita ya yi gwaje-gwaje ya ce IBS ne, wato ciwon hanji mai saurin tashi, ya ɗora ni a kan tsarin FODMAP, wato rage abincin da ke ɗauke da wasu nau'o'in sukari masu tayar da ciki. Karon farko na ji sauƙi sosai, sai Sallah ta zo na ci komai, ciwo ya dawo. Karo na biyu ban kai mako uku ba na karya. Yanzu wani mai na'ura ya sa na riƙe wani ƙarfe a hannu, ya ba ni takarda ɗauke da abinci fiye da talatin, ya ce in bar su wata shida. Wallahi ko kallon farar shinkafa ba na son yi. Na rame, in an zuba abinci a gida ɗaki nake shigewa. Ta yaya zan samu ƙarfin gwiwar sake farawa? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki daina zargin kanki da rashin haƙuri. Duk wanda aka ce ya yi tafiya ba a faɗa masa zango ba, dole ya zauna a hanya.

Tunda kin taɓa yi, kin san tsarin hawa uku ne: ƙauracewa, dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya, sannan daidaita abin da ya karɓe ki. Masu binciken Jami'ar Monash ta Ostireliya, waɗanda suka fito da shi, sun ware wa hawan farko mako 2 zuwa 6 ne kawai. A labarinki ban ga inda kika taka hawa na biyu ba. Kin ƙaurace, kin ji sauƙi, ranar Sallah kuma miyar albasa, cincin, taliya, madara da lemon kwalba suka shiga a wuni ɗaya. Da ciwo ya dawo, wa za ki kama? Shi ya sa wahalarki ta farko ba ta bar miki amsar komai ba.

Takardar mai na'ura kuwa, ki ajiye ta can. Kusan kullum sai an shigo mini da irinta, kuma ta ishe ni. Babu ƙarfen da za ki riƙe a tafin hannu ya faɗa miki abin da hanjinki ba ya so. Babu. Ki lura da kyau, ƙarshen zancen irin waɗannan mutane kwalba ce ta sayarwa, mai tsada, wai ta wanke ciki. Abin da ya fi damuna shi ne tunanin da suke shuka wa mutane, cewa yawan abin da ka bari shi ne yawan lafiyar da za ka samu, kuma rama alamar magani na aiki ce. Ana ce wa mace ta bar wake, ta bar nono, ta bar ƙwai, ta bar gyaɗa, ta bar mai, ta bar yaji, saura farar shinkafa da ruwan zafi. Bayan wata huɗu sai ta zo mini jini ya yi ƙasa, gashi na zuba, jiri na ɗibarta in ta miƙe daga sallah, kuma cikin bai daina kumburi ba. Su waɗannan abincin da ake tsamewa, irin su wake da albasa, su ne cimar ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji, kuma an ga suna raguwa idan aka ƙaurace. Dalilin da ya sa aka yanke wa abin wa'adi ke nan. Wata shida a kan jerin abinci talatin, wannan azabtarwa ce, kuma wanda ya rubuta miki ba zai kwana da ke a asibiti ba. Haka ma masu laƙaba wa duk ciwon ciki sunan olsa, su hana mutum rabin abincin gidansu ba tare da ko gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da ke yawan haddasa olsa, ba. Su ji tsoron Allah, jikin mutane amana ne.

Kalmar nan "na rame" ita ta tsaya mini a rai. IBS shi kaɗai ba ya ramar da mutum. Mai yiwuwa yunwar da kika sa wa kanki ce, amma kafin ki sake barin ko loma ɗaya, ki koma wurin likitanki a auna nauyinki da jininki. In akwai jini a bayan gida, ko gudawa na tashe ki cikin dare, ko zazzaɓi, ko wani a danginku ya yi kansar hanji, ki faɗa masa ƙarara. Idan zai yi miki gwajin cutar siliyak, wadda cin alkama ke yi wa hanjin mai ita illa, kada ki bar alkama kafin gwajin, don sakamakon zai iya fitowa ba daidai ba.

In ya ce ki ci gaba, to ki ɗauki kalanda ki sa ranar farawa da ranar gamawa. Tunda kin riga kin san jikinki na amsawa, da kin samu sauƙi na sosai a mako na biyu ko na uku, ki wuce hawa na gaba. Ki duba kada wa'adin ya faɗa kan azumi, Sallah ko bikin dangi. Kuma wa ya ce sai farar shinkafa? Tuwon masara, na dawa da na gero duk kina iya ci. Ga dankalin turawa, kifi, nama, ƙwai, gyaɗa, alayyahu, karas, gwanda, abarba da lemo. Miya kuma ba sai ta zama lami ba: ki yi amfani da lawashi, koren ganyen kawai, ki soya tafarnuwa a mai ki tsame ta ki yi girki da man, domin abin da ke tayar da ciki ba ya narkewa a mai. Ki riƙa karanta bayan kwalin dunƙulen ɗanɗano, wasu akwai garin albasa a ciki. Ki ɗebi taki miyar kafin a zuba albasa a tukunyar gida, ki fito tsakar gida ki ci da kowa. Cin abinci a ɗaki ke kaɗai yana karya zuciya fiye da rashin albasa.

Sai dawo da abinci. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, kwana uku: kaɗan ranar farko, ki ƙara rana ta biyu, cikakke rana ta uku, sauran abincinki na nan yadda yake a hawan farko. Ki huta kwana biyu ko uku, sannan ki gwada na gaba. Wannan makon madara, wani makon wake, sai burodi, sai albasa, sai mangwaro ko zuma. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da yadda cikin ya kwana, har da ranakun al'ada da na ɓacin rai, don su ma suna tayar da shi. Yawancin waɗanda nake gani abu biyu ko uku ne ke damunsu, kuma sau da yawa ma yawan ne matsalar, ƙosai uku su zauna lafiya, goma su tayar da hankali.

Idan kuma kika yi mako shida cif ba canji, ki tsaya, ki koma cin abincinki, ki kai wa likita littafin nan ya duba.