Makaranta a ƙofar gida, amma ɗana bai samu gurbi ba: ina adalcin ƙuri'ar?

Tambaya: Ina zaune a Bronx, birnin Niyok na Amurka. Na nema wa ɗana gurbi a makarantar cata da ke tsallaken titinmu, sai aka sa shi na 140 a jerin jira, alhali akwai yaran da ake kawowa a mota daga nesa. Ba an ce ana fifita 'yan unguwa ba?

Amsa: Malama, ana fifita su, sai dai abin da doka ke nufi da unguwa ba kusancin gida ba ne. Makarantar cata ta gwamnati ce wajen kuɗi, ba a biyan kuɗin makaranta, amma wata hukuma mai zaman kanta ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya. Jihar Minnesota ce ta fara kafa dokarsu a 1991. Idan masu nema suka fi kujeru yawa, dole a yi ƙuri'a, wato a zaɓi ɗalibai bisa sa'a.

Ƙuri'ar kuwa hawa-hawa ce. A jihar Niyok, ɗaliban da ke ciki tun bara suna riƙe kujerunsu, sannan ana fifita ƙanne da yayyen ɗaliban makarantar, da mazauna gundumar ilimin da makarantar take. Birnin yana da irin waɗannan gundumomi 32, Bronx ta ƙunshi ta 7 zuwa ta 12. Iyakar gunduma takan bi tsakiyar titi. Saboda haka yaron da ke can ƙarshen gundumar yana gaban ɗanki idan gefenku na titin ya faɗa wata gunduma. Ga misali: kujeru 60 a ajin farko, ƙannen ɗalibai sun ɗauke 20, saura 40, 'yan gunduma 150 suka nema. Na wajen gunduma ba zai ga ko ɗaya ba, komai kyan lambarsa.

To, adalci ne? Ya danganta da waɗanda ke zaune a wurin. A unguwar masu ƙaramin ƙarfi, fifikon yana kare yara, don kada iyayen da suka fi sanin hanya su zo daga nesa su cinye kujerun, yaro ɗan shekara biyar kuma ya riƙa shiga jirgin ƙasa da asuba. Amma idan makarantar ta yi suna, haya ta tashi, talaka ya tashi, fifikon sai ya koma hannun mai iya biyan haya. A ganina nan ne babban aibinsa, domin an kafa waɗannan makarantu ne don kada adireshi ya yanke wa yaro makoma. Birnin Washintan bai bi wannan hanya ba: makarantun cata ɗinsa a buɗe suke ga duk mazauna birnin, yawancinsu ta ƙuri'a guda da aka fara a 2014, daga baya aka ba su damar fifita yara marasa galihu. Na fi gamsuwa da tsarin da zai ware wa makwabta wani kaso, ya bar sauran a buɗe.

Abin yi yanzu: ki sa adireshinki a shafin hukumar ilimi ta birnin ki tabbatar da lambar gundumarku. Idan ɗaya ce da ta makarantar amma aka lissafa shi cikin na wajen gunduma, an yi kuskure, ki kai takardar haya ko ta wutar lantarki ofishinsu, ki nemi a gyara matsayinsa a rubuce. Wani lokaci matsalar daga nan take: gidan da ake haya da sunan dangi, ko adireshin da aka rubuta ba daidai ba a fom. Kada ki ari adireshin wani, ana neman hujja lokacin rajista, kujerar kuma tana iya salwanta. Iyalin da ke zaune a matsugunin marasa gida ko raɓe a gidan wasu saboda rashin muhalli, dokar tarayya mai suna McKinney-Vento ta ba su kariya kan rashin takardun zama.

Ki tambaye su ko jerin jiran yana motsi bayan an koma makaranta, da ko suna cike gurbin wanda ya fita a manyan azuzuwa, don ba duka ke yi ba. Baɗi kuma ki nemi makarantu da dama, musamman na cikin gundumarku, ki miƙa fom kafin 1 ga Afrilu. Wanda ya makara, ƙarshen jerin jira ake sa shi.