Faɗuwar bireka ba ita ce matsalarka ba, Malam

Wa alaikumus salam, Malam. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na ga kuma yawancin amsoshin "Allah ya tsare" ne da "ka canza mai gyara". Addu'a ta yi, amma bari in ɗan tsawaita, don ƙayar nan ta taɓa suka na. Ka ce wani yaro da maƙwabcinka ya kawo shi ya yi maka wayarin, ba shi da takardar kowa. Yanzu soket ɗin kicin yana zafi, famfon banɗaki yana ɗan jan mutum, kuma da bireka ta ishe ku da faɗuwa ka kira shi ya sa babba, ta daina. Kana tambaya ko a ci gaba da lallaɓawa ko a kwance aikin.

Ni ba ma'aikacin wuta ba ne, malamin makaranta ne a nan Kano, abin da na sani da aljihuna na saye shi. Kafin komai, yau ɗin nan ka kashe layin banɗakin da na kicin daga akwatin birekoki. In ba ka gane wanne ne wanne ba, domin irin waɗannan yaran ba sa rubuta komai a jiki, to ku riƙa kashe babban makunni in za a kwanta da in za a fita. Famfon da ke jan mutum ba abin wasa ba ne. Wanda ya ji ɗan "zirr" da busasshen hannu da silifas a ƙafa, gobe yaro ne zai taɓa da jiƙaƙƙen jiki, ƙafa ba takalmi.

Amma a cikin abubuwa ukun da ka lissafa, wanda ka ɗauka an gyara shi ne ya fi tayar min da hankali. Bireka aikinta ta kare waya. Kowace waya tana da nauyin da za ta iya ɗauka, in an wuce sai ta fara zafi, ita kuma bireka ta faɗi kafin robar ta narke. Siririyar wayar nan mai lambar kauri 1.5 ta fitilu ce da fanka, bireka mai amfiya 10 ake sa mata (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja). Soket yana son 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki kuma kowacce da layinta daban, sau da yawa da 4. To ka lissafa: wutarmu bolt 230 ce, butar lantarki mai wat 3000 ita kaɗai tana jan kusan amfiya 13. Ka ƙara dutsen guga, ka ƙara firij. In duk wannan a kan waya 1.5 yake, bireka ta faɗi, gaskiya ta faɗa maka. Shi kuma ya zo ya toshe mata baki da mai 32 ko 63. Yanzu nauyin bai ragu ba, wayar da ke cikin silin ɗinka ce ta koma fis.

Ni haka aka yi min, tiryan-tiryan. Muka tare a gidan da damina, lafiya lau. Da hunturu ya shigo uwargida ta fara jefa hita a bokiti don wankan yara, sai faɗuwa ta fara. Na kira mutumin, minti goma ya gama, har na ƙara masa na mai don murna. Bayan kamar sati uku aka kawo wuta wajen ƙarfe biyun dare, ashe an bar hita a jone tun da aka ɗauke da magariba. Ƙaurin roba ne ya tashi babbar 'yata. Na kashe komai, muka kwana a tsakar gida cikin sanyin nan.

Da safe wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo mai lasisi. Bai ce min komai ba sai da ya ɓalle silin ɗaya ya ce in hau tsani in leƙa da kaina. Malam, da ban gani ba da na ce sharri ne irin na masu sana'a ɗaya. Wayoyi kwance a kan katako, ba fayif. Haɗi duk murɗawa aka yi da hannu aka naɗe da salatif, wani wurin ma leda ce. Inda ɓera ya ci daban. Katako ɗaya ya yi baƙi ƙirin a daidai wani haɗi, dattijon ya ce sakakken haɗi shi ke tara zafi ko da nauyin bai kai ya kawo ba. Ya kankare bakin wayar da wuƙa, sai ga ciki fari: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, alhali kuɗin mai kyau na biya. Koriyar wayar atin kuwa, wadda ya kamata ta kwashe wutar da ta yi yoyo zuwa ƙasa, ta shiga bango ta tsaya, ba ta je ko'ina ba. Ado ce kawai.

Ina kyautata zaton naka famfon ma hakan ne. Wani abu, ko hita ko injin jan ruwa, yana yoyon wuta, ba atin da zai kwashe ta zuwa ƙasa, sai ta jira jikin mutum. Kuma bireka ta gama-gari ba ta san mutum ba, sai an ja amfiya masu yawa take motsi, wutar da ke tsayar da zuciya kuwa ba ta kai ko amfiya ɗaya ba. Shi ya sa akwai wata daban da ake kira RCD, wasu su ce ELCB, mai 30mA a rubuce a jikinta da ɗan maɓallin gwaji. Ita da ta ji wuta ta bi wata hanya take yankewa nan take. Ka je ka duba akwatinka, na yi imani ba za ka same ta ba.

Batun a kwance ko a lallaɓa, kar kowa a zauren nan ya yanke maka hukunci daga hoto, har da ni. Ka samo wanda zai auna. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu aikin wayarin ta ba su shaida, kuma tana da ofis a Kano. Ka nemi ganin takardar mutum, kar ka ji kunya. Ban ce duk marar takarda maha'inci ne ba, akwai waɗanda suka yi shekara goma a ƙarƙashin oga hannunsu ya faɗa. Sai dai mai takarda yana da abin da yake tsoron rasawa. Alama ta biyu kayan aikinsa: wanda ya zo da testa kaɗai a aljihun gaba ya ce ya duba gida, ka ba shi kuɗin mota. Na kirki zai zo da na'urar auna lafiyar robar waya, wadda suke kira mega, ya auna atin, ya rubuta maka abin da ya samu layi-layi.

Na san aljihu. Ni ma ban iya yi lokaci ɗaya ba, wata biyar na ɗauka. Dattijon ya fara da akwati: ya mayar da kowace bireka daidai da wayarta, ya sa RCD, ya kafa sandar atin ta gaske a wuri mai danshi. Wata na gaba aka ja wa kicin da banɗaki sabon layi, ta saman bango cikin farin kwaroron roba, don ba ni da kuɗin fasa fulasta. Ba kyau a ido, uwargida har yau tana mita, amma muna barci. Fitilu ne ƙarshe, aka sa duk haɗi a cikin akwatinsa da sukurori. Wayar kuma da ƙafata na je Sabon Gari na saya, shi yana gefena. Ka nemi ta gida mai tambarin ingancin kaya na NIS, irin su Coleman, Cutix ko Nigerchin, kuma duk da sunan ka kankare ka gani, don ana buga na jabu.

In kana da janareta, ka tabbatar akwai makunnin sauya layi na gaske. Wayar nan mai kai biyu da ake cusa wa soket tana iya mayar da wuta kan layin waje ta kashe ma'aikacin da ke kan fol. Mita da layin da ke shigo mata daga fol na kamfanin wuta KEDCO ne, kar ka bari kowa ya taɓa.

Shi kuma yaron, ra'ayina kar ya sake taɓa maka ko kwan fitila, ko da ya ce kyauta zai gyara. Ka ɗauki hoton komai kafin a cire, ka ajiye guntun wayar, ka kira shi gaban maƙwabcin da ya kawo shi, a nuna masa. Ni nawa rabin kuɗin aiki ya dawo min da shi, kaɗan-kaɗan har sau uku, kuɗin waya kuwa ya bi ruwa. Ban kai shi ko'ina ba saboda mahaifinsa sahunmu ɗaya a masallaci, amma na gaya wa gidaje biyun da na san ya yi wa aiki a layinmu, ɗaya da suka buɗe silin sun tarar da irin nawa.

In Allah ya kiyaye wani abu ya kama kafin a gyara, kar a watsa ruwa. A kashe babban makunni, a fitar da yara, a zuba yashi in ƙarami ne, a kira 'yan kwana-kwana. Ka nuna wa iyalinka inda makunnin yake tun yau, don ni ranar da abin ya faru ni kaɗai na san wurinsa. Sannan ka ɗauko hoton akwatin birekokin yadda lambobin za su fito, ba tare da ka cire murfin ciki ba, ka turo nan mu ga nawa ya sa maka.