Shin Da Gaske Celo Ne Ke Fitar da Wannan Rugugin?

Tambaya: Malam, na ci karo da bidiyon wasu Turawa masu dogon gashi suna goga wani abin kiɗa mai kama da ƙaton goge, amma sautin da ke fita irin na jitar lantarki ne ta kiɗan hebi metal. Su wane ne, kuma anya ba a ɓoye wata jita a bayan dandamali ba?

Amsa: Bisa ga yadda ka siffanta su, ƙungiyar Apocalyptica ce ta ƙasar Finlan, abin da suke gogawa kuwa sunansa celo, kuma babu wata jita da aka ɓoye. An kafa ƙungiyar a birnin Helsinki a 1993, lokacin da Eicca Toppinen da Paavo Lötjönen da Max Lilja da Antero Manninen suke karatun kiɗan gargajiyar Turai a makarantar Sibelius. Faifansu na farko ya fito a 1996, kuma babu komai a cikinsa sai waƙoƙin ƙungiyar Metallica ta Amurka da aka kaɗa da celo huɗu, ba ganga ba murya. Wani mai celo, Perttu Kivilaakso, ya shigo ƙungiyar a 1999.

Abin da ya sa kunne yake ruɗewa yana cikin ƙirar celo ɗin kanta. Tsirkiya huɗu gare ta, kuma mafi kaurinsu tana kaɗawa kimanin sau 65 a daƙiƙa ɗaya, alhali mafi kaurin tsirkiyar jita, idan an ɗaure ta yadda aka saba, tana yin kimanin sau 82, wato dai celo ta fi jita zurfin murya tun kafin a haɗa ta da wata na'ura. Na biyu, kuma a ganina wannan ne ƙashin bayan al'amarin, tazarar sauti tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta mataki biyar ne, wanda shi ne ainihin haɗin sauti biyu da masu jitar hebi metal suke gina kiɗansu a kansa. Saboda haka idan mai celo ya danne tsirkiya biyu a wuri ɗaya ya ja baka, wato sandar da ake goga tsirkiya da ita, a kansu, haɗin da mai jita yake nema ya samu ke nan ba tare da wahala ba.

Sauran aikin na lantarki ne. Ana maƙala wata ƙaramar na'ura a jikin celo mai ɗaukar girgizar tsirkiya, a aika da ita ga amfilifaya wadda aka cika wa ƙarfi da gangan har sautin ya dusashe ya yi kaushi, kamar yadda ake yi wa jita. Sai dai gangar jikin celo akwati ne mai rami, don haka yana saurin kama ƙarar lasifika ya mayar da ita ta zama kuwwa, abin da ke ba masu kula da sauti aiki sosai.

Akwai kuma abin da baka yake yi wanda yatsa ba ya iyawa. A jikin bakan akwai izgar doki da aka shafa wa ƙaro domin ta riƙa kama tsirkiya, dabarar da duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya sani. Sautin jita yana fara mutuwa da zarar an taɓa tsirkiya, amma mai baka yana iya riƙe sauti ɗaya, ya ƙara masa ƙarfi a tsakiya, shi ya sa celo guda take iya ɗaukar layin da mawaƙi zai rera yayin da sauran suke aikin jita da na bes, wato jita mai zurfin murya. Ƙarfin gugar kan sa izgar ta riƙa tsinkewa ana cikin wasa.

Daga baya sun faɗaɗa. A faifansu na 2003 Dave Lombardo na ƙungiyar Slayer ya buga musu ganga, sun kuma riƙa gayyato mawaƙa, kuma a 2007 sun yi wasa a bikin Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, da aka yi a Helsinki. Ni dai ina ganin ganga da murya sukan rufe abin da ya bambanta su, don haka idan kana son ka tabbatar wa kunnenka cewa celo ce zalla, faifan 1996 za ka nema, domin a can har ƙarar gugar izga a kan tsirkiya ana ji.