Tambaya da Amsa: Mai Popeyes ya rasa shaguna amma yaji ya riƙe shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina son ƙarin bayani akan gidan soya kajin nan na Amurka mai suna Popeyes, naji ance wanda ya kafa shi karyewa yayi aka ƙwace kamfanin amma kuma wai har ya mutu yana samun kuɗi dasu, ya akai haka? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, abinda kika ji gaskiya ne, kuma wallahi labarin mutumin nan yana taɓa ni. Sunansa Al Copeland, ɗan New Orleans ne a jihar Louisiana, ko sakandare bai gama ba, da sana'ar donot ya taso. A 1972 ya buɗe shago a Arabi, wani gari dake gefen New Orleans, ya sa mai suna Chicken on the Run, to kaza ce salam ba yaji irin wadda ake samu ko'ina, ciniki yaƙi tafiya. Sai ya rufe ya sake buɗewa da sunan Popeyes, wannan karon ya zuba barkono da kayan ƙamshi irin na girkin mutanen Louisiana da suke kira Cajun, ai kuwa nan take layi ya kama, dan mutanen yankin bakinsu ya saba da yaji tun suna yara.

A 1976 ya fara ba wasu izinin buɗe shago da sunansa suna biyan shi kaso, na farko a Baton Rouge, kafin 1985 ta ƙare shagunan sun kai 500.

Inda matsalar ta faro shine 1989, lokacin da ya ciyo bashi mai nauyi ya sayi Church's, wani kamfanin kaji da aka kafa a San Antonio ta jihar Texas tun 1952 wanda ma ya fi nasa yawan shaguna. Ni a ganina nan ya ɗauko Dala ba gammo, kusan dala miliyan 400 fa, ga kuɗin ruwa na ta hawa ciniki bai kai ya biya ba, 1991 kamfanin ya shiga kotun karyewa, 1992 masu bin bashi suka karɓe kamfanin.

To amma ga inda amsar tambayarki take. Haɗin yajin da ake jiƙa kazar dashi bai shiga cikin abinda aka karɓe ba, yana ƙarƙashin wani kamfaninsa daban mai suna Diversified Foods and Seasonings, kinga kenan sababbin masu Popeyes suna da shaguna suna da suna amma ɗanɗanon da mutane ke zuwa dominsa yana hannun Copeland, dole duk shekara su biya shi kuma a wajensa suke sayen kayan haɗin. Haka akai ta tafiya har ya rasu a 2008, sai a 2014 suka sayi sirrin haɗin daga iyalansa akan dala miliyan 43. Shi kuma Popeyes ɗin gaba ɗaya, kamfanin Restaurant Brands International mai Burger King ne ya saye shi a 2017 akan dala biliyan 1.8.