Zan je wurin yayana a Kuala Lumpur, gidansa zan sauka ko otal?

Tambaya: Salam Anti, don Allah a ba ni shawara. Yayana yana karatu a Malesiya, yana zaune a Gombak shi da matarsa da yara biyu, shekara huɗu rabona da shi. Yanzu zan je Kuala Lumpur sayayya na kwana goma, ya dage sai dai in sauka a gidansa amma ni na san gidan ɗaki biyu ne kuma ba mu wani saba da matar tasa ba. Ga 'yan uwa tunda suka ji kowa sai kawo saƙo yake, har wani da ya ce abokinsa ne ya aiko da kwali a naɗe da selotef. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata. Bari in fara da kwalin nan don shi ya fi ɗaga min hankali. Kar ki kuskura ki sa shi a jakarki sai kin buɗe a gaban mai shi kin ga komai da idonki, in ya ce ba a buɗewa to ya zo ya ɗauki abinsa. Malesiya ba sa wasa da maganar ƙwaya, a 2023 ne suka cire dokar da ta ce dole a kashe mai safara amma har gobe alƙali na iya yanke kisa ko ɗaurin shekaru 30 zuwa 40, kuma "wallahi ba ni aka yi in kai" ba ta fid da mutum a can. Saƙon nama ma ki bar shi, shiga da shi sai da izini.

Maganar masauki kuwa, ni a ganina ki raba kwanakin. Ki yi uku na farko a gidansa saboda in kika wuce otal kai tsaye zai ji ba daɗi, matar ma za ta ce kin raina musu gida. Sauran ki kama ɗaki a cikin gari ki ce don kusa da kasuwa ne, kuma ba ƙarya kika yi ba, Gombak ita ce tashar ƙarshe ta jirgin ƙasan cikin gari (LRT) na layin Kelana Jaya, kullum ki yi ta zirga-zirga da ledoji niƙi-niƙi ga ruwan saman da ke ɓarkewa da yamma, za ki gaji. Kwana goma yara na kwana a falo saboda ke, ko ba a faɗa ba za ki gani a fuska. Ki dinga cefane ba tare da kin tambaya ba, ɗalibi ne, ringgit ɗinsa, wato kuɗin ƙasar, a ƙirge suke.

Kar kuma ki sa shi ya bar aji ya zo tarbarki, filin jirgin KLIA yana Sepang, fiye da kilomita 50 daga gari. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres cikin kamar rabin awa zai kai ki KL Sentral, babbar tashar jirgin ƙasa ta cikin gari, ku haɗu a can, ko ki kira Grab, tasin da ake kira ta manhajar waya, in kayan sun yi yawa. Ki cike katin shiga na MDAC a intanet cikin kwana 3 kafin ki sauka, ki rubuta adireshin gidansa da lambarsa a takarda ki sa cikin fasfo don za a iya tambayarki a wurin shige da fice, waya kuma caji na iya ƙarewa.

In kin samu rana guda ki kwashi matar da yaran ku je unguwar KLCC a tsakiyar gari su ga tagwayen benen Petronas mai hawa 88, shi ki bar shi da karatunsa, a nan ne za ku saba.