Haɗa babur da hannunka a Ingila: yaya rajista?

Malam, ka ce kana zaune a Ingila, kana son haɗa babur da kanka, ka hau titi da shi. Yana yiwuwa, amma takardu sun fi walda wahala.

Tun daga ranar farko ka adana rasidin duk abin da ka saya, musamman firam da inji. Firam marar lamba kuwa, sai ka nemi DVLA, hukumar rajistar ababen hawa, ta ba ka lambar VIN, wato lambar shaidar abin hawa. In ka gama, ka kai babur ɗin gwajin MSVA, wato gwajin ingancin babur, wajen DVSA, hukumar gwajin ababen hawa, su duba birki, fitilu, madubi da ƙarar salansa. Nan masu son babur mai rugugi suke faɗuwa.

Daga nan sai inshora da rajista a DVLA, kuɗin rajistar fam 55. Idan shekarun kayan ba su tabbata ba, lambar rajista mai harafin Q za su ba ka.